Yadda Za Ka Bar Matarka a Ƙauye Ka Ɗora Wa Ofishin Turawa Laifi

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan kana Faransa, matarka tana ƙauye ta dame ka da maganar ka ɗauko ta, kai kuma kana da wani dalili na ƙin hakan wanda ba ya faɗuwa, to ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, za ka kwashe shekaru tana can kana nan, surukanka suna sa maka albarka, limamin garinku yana roƙon Allah ya sassauta zukatan mutanen ofis. Ba mai ganin laifinka. An gwada, an gani, yana aiki.

Sunana Banjugu Tarawure. Na daɗe a Montreuil, nan gefen Paris, har tantabarun unguwar sun daina tashi in na zo wucewa. Duk misalan da zan ba ka na mutum ɗaya ne, Makan Jara, ɗan garinmu Salakunda. Tare muke aiki, kuma mun yi shekaru muna kwana ɗaki ɗaya a gidan gwaurayen 'yan ci-rani. Jara abokan wasanmu ne mu Tarawure, wato bayinmu ne tun kaka da kakanni ko da sun musa, don haka tona asirinsa haƙƙina ne. A wannan fanni Makan gwani ne. Inda ya yi daidai ka kwaikwaya, inda ya kwafsa ka kauce.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da kake ɓoyewa

Kada ka fara ƙarya ba ka san me take karewa ba, za ka gaji a banza.

Abin da Makan yake ɓoyewa tsintsiya ce. Koriyar tsintsiya ta roba mai dogon mariƙi, da koren wando, da riga mai ɗaukar ido don kada mota ta kwashe shi. Kullum da sassafe yana sharar titi, ni ina gaba ina buɗe masa ruwan kwata. Aiki ne na halal, albashi ba ya latti. Amma a Salakunda namiji ba ya taɓa tsintsiya, balle Jara, mutanen da in ka ba su fuska za su lissafo maka kakanninsu har su kai kan wani da ya taɓa riƙe wa sarki takobi.

Mu nan duk mun san juna. Ga mai wankin kwanuka, ga mai kwasar shara, ga mai goge banɗaki a tashar jirgi. Sai dai akwai doka tsakaninmu da ba a rubuta ba: abin da aka yi a nan ba ya hawa jirgi. In ka je gida aka tambaye ka me wane yake yi, sai ka ce, "Yana ma'aikatar birni." Ka faɗi gaskiya, ka kuma rufa asiri.

Duk bayan shekara biyu Makan yana sauka Salakunda cikin shadda mai ƙara, turare yana riga shi shiga gida. Ya gina bene, ya sa wa uwarsa famfo. Matarsa Sira takan durƙusa ta miƙa masa ruwa, ta kira shi da sunan gidansu, "Jara," don a wurinmu mace ba ta kama sunan mijinta. Wannan mutumin Sira ta sani. Mai koren wando ba ta taɓa ganinsa ba, kuma Makan ya gwammace a binne shi da ta gan shi. Kada ka ɗauka ba ya son ta. Yana son ta har abin ya zame masa ciwo, kuma daga nan tsoron ya fito.

Mataki na biyu: Kada ka taɓa cewa a'a

A'a kalmar marasa dabara ce. Ka ce a'a, gobe kawunnanta su taru a ƙofar gidanku. Kai dai ka ce e, da murya mai cike da gajiya, sannan ka jefa kalma ɗaya: dosiye.

Dosiye shi ne tarin takardun da kake kai wa ofishin baƙi don neman izinin kawo iyali. A ƙauye ba wanda ya taɓa ganinsa, amma kowa yana jin tsoronsa kamar aljanin tsamiya. Ga yadda Makan yake sarrafa shi a waya, ranar Juma'a bayan masallaci, sanye da shadda, a tsaye gaban ginin banki don bayan hoton ya yi kyau.

"Jara, matar Dembele ta tafi fa. Matar Sisoko ma an ba ta biza."

"Na ji. Allah ya sa alheri."

"To ni fa?"

"Dosiye, Sira. Dosiyenki yana hannunsu."

"Har yanzu?"

"Ke kin san Turawa kuwa? Mutanen da kare ma sai da takarda yake fita yawo."

Sai ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Ka koyi wannan ajiyar zuciyar, ita ce rabin aikin. Daga ciki take fitowa, ba daga hanci ba.

Lokaci zuwa lokaci ka ba da shaida. Makan yakan je ƙofar ofishin ranar hutunsa, ya shiga layi, ya ɗauki hoton kansa da fuskar wahala, ya tura gida, sannan ya bar wa na bayansa wurin ya tafi shan shayi. Ƙafarsa ba ta taɓa taka cikin ginin ba.

Mataki na uku: Kullum ya zama saura takarda ɗaya

Allah ya yi maka gata a nan, domin takardun da yawa, kuma wasunsu kamar madara suke, in sun jima sai a ce sun lalace. Aikinka kawai ka tabbata ba su taɓa zama sabbi a lokaci ɗaya ba.

Ka fara neman takardar haihuwarta. In ta iso, ka ajiye, ka ce yanzu ta aure suke so. Kafin ta aure ta iso, ta haihuwa ta tsufa. A sake. Kafin a sake, hoton fasfo ya tsufa, ka ce sun ce ɗankwalin ya rufe kunne. Mai hankali yana iya juya takarda uku har furfura ta fito masa.

Ka sani, kowace takarda sai an je birnin Kayes ake samo ta. Sira ce take hawa motar kasuwa, tsakanin buhunan albasa, ta yini a bakin ofis, ta dawo da ƙura har cikin haƙora. Sau nawa ta je, ni kaina na daina ƙirgawa. Kada ka yi tunanin wannan. Mai son ya yi nasara a wannan hanya ba ya tunanin mota.

Haka kuma in uwarka ta fara gunaguni a waya cewa shekaru suna tafiya matarka ba ta ko taɓa ɓari ba, kada ka tsaya lissafa mata cewa wata ɗaya cikin shekara biyu ba ya isa komai. Ka ce layin ba kyau.

Mataki na huɗu: Ka riƙe gadonka na gidan gwauraye da hannu biyu

Wannan ita ce katangarka mafi ƙarfi. Ba a ba ka izinin kawo mace sai kana da gida mai faɗin da doka ta ce, kuma sai an turo mutum ya auna da idonsa. Ɗakinmu kuwa mu huɗu ne a ciki, da akwatuna, da tukunyar shayi, da mushen firji da muke ajiye takalma. In mutum ɗaya zai sa wando sai sauran sun hau gado.

Saboda haka ka riƙa neman gida da ƙarfi, a gaban jama'a, ba tare da ka samu ba. Makan ya duba gidaje sun fi a ƙirga. Wannan ya yi nisa da masallaci. Wancan banɗakinsa yana kallon gabas. Wani kuma maƙwabciyar tana da kyanwa mai kallon mutane. Na taɓa raka shi wani gida mai kyau, mai araha, rana tana shiga har tsakar ɗaki. Na ga gumi ya karyo masa. Ya zagaya, ya zagaya, can ya ɗaga hanci.

"Banjugu, ba ka ji ba? An taɓa dafa alade a gidan nan."

"Kai bawa, a Faransa kake. Ina ne ba a taɓa dafawa ba?"

"Shi ya sa nake cewa neman gida wuya."

Ka ga gwani.

Mataki na biyar: Ka yi kuka, amma da mudu

Nan ne Makan ya kashe kansa, don haka ka buɗe kunne.

Farkon kowane wata 'yan Salakunda muna taro ranar Lahadi a ɗakin cin abinci na gidan gwauraye. Wannan ƙungiya ita ta haƙa rijiyoyin garinmu, ita ta gina ɗakin haihuwa, ita take mayar da gawa gida in ɗayanmu ya cika. Mutanen da suka iya shigar da mamaci jirgi cikin 'yan kwanaki, kada ka yarda su ji kana da matsala.

In shugaba ya tambaye ka, "Ina labarin iyali?" amsa ɗaya ce: "Ana nan ana fama, Baba." Ka sunkuyar da kai, a wuce ka.

Shugabanmu Baba Wagi Sumare ne, dattijo mai sanda da hular sanyi ko da bazara, kuma Sira 'yar ƙanensa ce. Ran nan an ci shinkafa da miyar gyaɗa an ƙoshi, ya juyo ya yi wa Makan tambayar. Maimakon ya ba da amsar da aka saba, sai Makan ya ga jama'a sun yi shiru suna kallonsa, daɗin baki ya ɗebe shi. Ya fara da layin ofis. Ya wuce kan takardu. Ya gangaro kan sanyi, da yadda mutum yake dawowa daga aiki ba mai ce masa sannu. Daga nan ya ce wani lokaci yakan ji ƙamshin turaren wutar Sira a cikin jirgin ƙasa, ya waiga ya ga ba kowa. A nan ƙaryar ta taɓo gaskiya, muryarsa ta karye, sai ga hawaye na sosai suna zuba cikin gemu.

Ina ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, bai ji ba.

Tsofaffi suna share ido da gefen rawani, don kowa akwai turaren da yake tunawa. Baba Wagi ya buga sanda a ƙasa.

"Ashe haka kake ciki, ɗana, ka yi shiru? Mu muna nan ana wulaƙanta mana 'ya? Wallahi daga yau maganar nan ta bar hannunka, ta dawo hannun gari."

"Baba, kada ku wahalar da kanku..."

"Rufe min baki. Kunya ce take kashe ku ku Jara."

Mataki na shida: In 'yan garinku sun tashi taimakonka, ka fara addu'a

Gaskiya ban da wata dabara a nan. Ofishin Turawa ana iya ja masa rai, amma ban taɓa ganin wanda ya ja wa 'yan garinsu rai ba.

Baba Wagi ya yi ritaya, dama yana shirin komawa gida. Cikin mako ya ja Makan wurin mai gidan da yake haya, ya ce ga ɗansa, a mayar da hayar sunansa. Ɗaki biyu da falo. Makan ya buɗe baki zai yi maganar alƙiblar banɗaki, ya tuna dattijon ya fi shekara talatin yana salla a gidan, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Takardu kuma aka damƙa wa Asa, 'yar Baba Wagi, haifaffiyar nan, mai magana da sauri kamar ana bin ta bashi. Ta zaunar da Makan, ta buɗe kwamfuta.

"Kawu, ba ni lambar dosiyen."

"Sun ɓatar."

"Takardar da suka ba ka ranar da ka kai fa?"

"Ita ma sun ɓatar."

"Su suka ɓatar da takardar da take hannunka?"

"Ke dai ba ki san su ba."

Asa ta cire tabarau ta dube shi. Ta rage murya don kada ubanta ya ji daga falo.

"Kawu, ba ka taɓa kaiwa ba, ko?"

"Ke yarinya, a gabana aka yi sunanki."

"Ban ce komai ba. Sabo za mu buɗe."

Ta kira wani ɗan'uwa a Kayes, aka karɓo takardun duka rana ɗaya, aka ba wani mai dawowa daga hutu ya taho da su a aljihu. Abin da Makan ya yi shekaru yana juyawa, yarinyar nan ta gama shi tana cin gyaɗa.

Mataki na bakwai: Ranar awo, ka ɓata gidanka da bakinka

Wannan ce damarka ta ƙarshe. In mai awo ya ce gidan bai yi ba, ka samu wasu shekarun kyauta.

Makan ya shirya. Ya san bangon kicin yana da danshi, tagar ɗaki ba ta buɗuwa, famfon wanka yana tari. Abin da bai sani ba, ranar Asabar yana wurin aiki 'yan gari sun shiga gidan. Muna da masu fenti, muna da mai gyaran famfo, muna da kafinta biyu da ba sa ga maciji amma suka haɗu don Sira. Ya dawo ya tarar da gida yana walƙiya, har da labule.

Mai awon wata Baturiya ce mai gajeren gashi da jakar goyo. Ta tarar da dattawa biyar a falo cikin manyan riguna, sun zo ba da ƙarfi. Ta haska 'yar na'urarta a bango tana rubutawa, Makan yana bin ta a baya.

"Madam, bangon nan danshi gare shi, fenti ne ya rufe."

"An kankare an sake shafe shi," in ji Baba Wagi daga falo.

"Tagar nan ba ta buɗuwa."

Madam ta taɓa ta da ɗan yatsa, taga ta buɗe har da iska mai daɗi.

"Akwai ɓeraye. Manya. Da iyalansu."

"Ɓeran ƙarshe ya bar gidan nan tun kafin a haifi Asa," in ji dattijon. "Madam, ki yi haƙuri da shi, zumuɗi ne. Ya daɗe bai ga matarsa ba."

Madam ta tsaya ta dubi Makan da tausayi. Ta ce ta daɗe tana wannan aiki, kowa ɓoye mata aibin gida yake yi, yau ne ta fara ganin mai tona nasa don yana tsoron kada matarsa ta sha wahala. Ta ce matar nan ta yi dace. Dattawa suka ce amin. Aka tilasta mata shayi har kofi uku, aka cusa mata goro a jaka, ta tafi tana murmushi.

Darasi: kada ka cika gaskiya a gaban Bature, yana iya yarda da kai.

Mataki na takwas: In ta iso, ka nisanta tsintsiyar

Bayan wasu watanni izini ya fito, aka ba Sira biza a Bamako, ta sauka cikin rigar sanyi ta aro wadda ta kai mata har gwiwa. Makan ya gan ta tana turo akwati, ya manta da duk wani tsoro na ɗan lokaci, ya tsaya yana dariya shi kaɗai kamar wawa. Na faɗa maka yana son ta.

To yanzu aiki ya koma ɓuya. Ka fita da kwat da jakar hannu. Ka canza kaya a wurin aiki. Ka wanke hannu da lemon tsami kafin ka dawo. In ta tambayi abin da kake yi a ma'aikatar birni, ka ce, "Kula da tituna."

Saura abu ɗaya: titin da muke sharewa bai da nisa da sabon gidan. Makan ya je wurin shugaban aikinmu ya roƙi a mayar da shi can arewacin Paris, iyakar nisa. Shugaba ya yi mamaki, ya ce akwai wani titin kasuwa da kowa yake gudu saboda dattinsa. Makan ya ce shi yake so. Ni ma aka haɗa da ni, don tare ake ba da mai tsintsiya da mai ruwa, Allah ya isa.

Ga kuskuren da sai ɗan gidan gwauraye zai yi shi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cin abincin da ake dafawa a gidan, ana zuba masa a faranti, bai taɓa sayen kuɓewa da hannunsa ba. Bai taɓa tambayar kansa inda matanmu suke samo busasshen kifi da daddawa da manja a ƙasar nan ba. Ya ga buhunan a titin, ya share ɓawonsu, amma kansa bai kawo masa komai ba. Alhali kowace mace ta garinmu ta san al'ada: baƙuwa in ta huta, matan gari sukan ɗauke ta ranar Asabar su kai ta wannan kasuwar, su nuna mata wurin wa ake saye, wa yake cuta a awo.

Mataki na tara: In an kama ka

Asabar ce da hantsi. Na buɗe ruwa yana gudu a kwata, Makan yana tura ganyen kabeji da ɓawon rogo. Sai na hango su sun fito daga tashar jirgin ƙasa, mata shida da jakunkunan cefane masu taya. A gaba Inna Fune ce, uwar Asa, wadda ta ƙi bin Baba Wagi gida don jikokinta suna nan, ta tare a wurinsu. A tsakiya ga Sira.

Matan sun san doka kamar yadda muka san ta. Suna ganin Makan, gaba ɗaya suka juya suka dukufa kan wani tulin doya kamar ba su taɓa ganin doya ba. Inna Fune har da jan hannun Sira. Amma Sira ba ta juya ba. Ta bayansa ta gan shi, cikin hula da koren kaya, ta kuma gane shi.

Makan ya waiga. Ya miƙo min tsintsiyar.

"Banjugu, riƙe min, don Allah."

"Tarawure ba ya riƙe wa bawansa kaya. Ai ta riga ta gani."

Ta ratso ta cikin mutane ba ta sauri. Ta zo gabansa, ta jingine jakarta, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen titi, yadda take yi masa a tsakar gidan bene in ya sauka da shadda. Masu wucewa suna kaucewa suna kallo.

"Jara," ta ce. "Sannu da aiki."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta dubi tsintsiyar tun daga mariƙi har ƙasa.

"Wannan ce ta hana?"

"Sira..."

"Asa ta ce min cikin 'yan watanni aka gama komai. Tun ranar nake tambayar kaina, to me ya ci sauran shekarun?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba, "Ban so ki gan ni haka ba."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Ni na ɗauka ni ce. Na ce ko don ban yi boko ba. Na ce ko don ban haihu ba. Na ce mutum yana ma'aikatar birni, yana zama da manya, ina zai kai 'yar ƙauye ta ba shi kunya. Duk hawan motar Kayes da na yi, abin da nake tunani ke nan, tafiya da dawowa. Innarka tana faɗa min magana ina haɗiyewa, don na ɗauka da gaskiyarta."

"Wallahi ba haka ba ne. Ko sau ɗaya ban taɓa..."

"Na gani yanzu. Da ka tambaye ni, Jara. Ni da na tashi da tsintsiya a hannu, ita zan raina? Ita ta gina benen da nake kwana, ba ta yi min komai ba." Ta kama jakarta. "Shekarun nan fa, wa zai dawo min da su?"

Ta juya wurin matan, ta ce wa Inna Fune a nuna mata mai busasshen kifin. Makan yana tsaye riƙe da tsintsiya, ruwan da na manta ban rufe ba yana bi ta kan takalmansa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu, ba shi da ƙafa, a duk abin da ya biyo bayan amfani da shi. Na yi alkawarin hanyar tana aiki, kuma ta yi: Makan ya samu shekarunsa cif, ba wanda ya zarge shi, har yau a Salakunda ofis ake tsine wa. In gari ya taimake ka, ko mai awo ta ji tausayinka, ko aka tura ka titin kasuwa, wannan tsakaninka da ƙaddararka ne, kada a neme ni. Sira tana nan, tana wanke koren wandon ta shanya a taga inda kowa zai gani, tana zuba masa abinci, tana amsa gaisuwarsa. Tambayar da ta yi kuwa, in taka matar ta yi maka irinta, kada ka kawo min. Makan ya riga ka. Kullum da safe sai ya tsaya da shara ya tambaye ni me zai ce mata, ni kuma ba ni da mataki na goma.